Amsar gwaggo daga Tawa: zancen tafiyarki ke kaɗai

Assalamu alaikum ɗiyata. Ina gajiya, ina maigidan da yaran? Saƙonki ya iso. Kin tambaye ni ko al'adarmu ta yarda uwa mai ƴaƴa uku ta bar gida mako guda, ba biki ba rasuwa, don kawai ta huta. Kin ce maigidanki bai hana ba amma bai ce to ba, uwarsa kuwa ta ce mace mai ƴaƴa ba ta yawo. Kuma zuciyarki ta rabu biyu, ko ki zo nan Tawa, ko ki kama ɗaki a otal a garin da ba wanda ya san ki.

Al'ada ta yarda, ɗiyata, kada kowa ya sa ki jin kin nemi abin kunya. Iyayenmu mata sun huta, sai dai kowane hutu da ƙofar da ake bi a shige shi. Mai cikin fari tun cikin yana wata bakwai ake mai da ita gidan iyayenta goyon ciki. In ta sauka ta yi kwana arba'in tana jego, ba daka, ba surfe, ba ɗaukar ruwa, a yi mata wanka, a dama mata kunu, a gasa mata nama. (Yawan kanwa da tsananin zafin ruwan nan kam likitoci sun hana, suna taɓa zuciya, kuma na bi bayansu. Amma hutun da ke cikin jego alheri ne.) In lokacin yaye ya yi, a kai yaro wajen kakarsa ya yi kwanaki, uwa ta samu barci. Bayan kaka, in hatsi ya shiga rumbu, mace ta shirya ta tafi ganin gida, ta yi mako biyu ko wata, ba mai cewa uffan. Ko cikin gida ma akwai kishiya da ake rabon girki da ita, akwai faccaloli, akwai ƙannen miji. Ranar da ba taki ba ce hannunki naki ne.

To ke a Yamai wanne kika samu cikin waɗannan? Gidan haya, ke kaɗai. Ki tashi kafin asuba, ki shirya yara makaranta, ki tafi aiki, ki dawo ki ɗora tukunya, ga wanki, ga baƙi daga ƙauye da ba sa yankewa. Haihuwar autanki ma ba ki zo gida ba. Abin da al'ada ta tanadar wa uwa ne zaman birni ya ƙwace miki, shi kike nema ya dawo.

Amma ki fahimci uwar mijinki, kada ki riƙe ta a zuci. Abin da take tsoro bakin mutane ne. A wajenmu macen da ta ɗauki jaka ta fita ba goyo a baya, ba a ji dalili ba, yaji ake cewa ta yi. Kafin magariba zance ya zaga unguwa, a ce gidan ɗanta ba lafiya. Maganin wannan shi ne tafiyar ta zama a fili. Mijinki ne zai fara gaya wa uwarsa, da bakinsa, cewa shi ya ba ki izinin ganin gida. Bayan nan ki je da ƙafarki, ba ta waya ba, ki durƙusa ki gaishe ta, ki riƙa mata ɗan goro ko sabulu, ki faɗi ranar tafiya da ranar dawowa, ki roƙi addu'arta, ki tambaye ta ko tana da saƙo zuwa nan Adar, yankinmu na Tawa. Tsohuwar da aka nemi albarkarta ita ce za ta rufe bakin masu magana. Ranar tafiya kuma shi ya kai ki tasha, idon jama'a ya gani.

Shirun maigidanki ba izini ba ne. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ki gaya masa gajiyarki yadda take, ba da ƙorafi ba, ba kuma da lissafin abin da bai yi ba. Ki bari sai ya ce ki je da zuciya ɗaya. In kika tafi a kan shiru, kina nan jikinki na Tawa hankalinki na Yamai.

Ga addini kuma, ba zan ɓoye miki ba. Hadisi ya inganta cewa mace ba ta yin tafiyar yini da dare sai da muharrami. Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi a hajjin farilla in akwai amintattun abokan tafiya, wasunsu kuma suka ce babban ayari mai aminci kamar zaman gari yake. Tafiyarki ta yini guda ce cikin mota cike da jama'a, miji ya sa ki, ɗan'uwanki ya tarbe ki. Ku tambayi malamin da ku biyu kuka yarda da shi. In zuciyar ɗayanku ba ta natsu ba, ƙanenki ya rako ki ya juya washegari, hutunki bai ragu da komai ba.

Zancen otal, ban goyi baya ba, a wannan karon dai. Ba don ina zarginki ba, Allah ya sani. Mace ita kaɗai a ɗakin haya a baƙon gari, in zazzaɓi ya kama ta da dare wa zai miƙa mata ruwa? Ga kuɗin da za ki zuba, ga maganar da za ta biyo baya ta fi gajiyar da kika je saukewa. Ki fara da ƙofar da kowa ya sani. In ta buɗe sau ɗaya lafiya, ta gaba ba za ta yi wuya ba.

Hanya kin san ta, kilomita wajen 550: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, a Tsarnawa a karkata arewa, a bi ta Badagishiri. Ki shiga babbar motar kamfani irin su Rimbo, masu tashi da asuba, ki yanki tikiti tun ana gobe. Kada ki yarda da ƙaramar motar da za ta kai ki dare. Hanyoyin ƙasarmu ba kamar da ba ne, tun abin da ya faru a yankin Tiliya, nan jihar Tawa, cikin Maris na 2021, inda aka kashe mutum fiye da ɗari, mu nan ba ma wasa da tafiyar dare. Katin ɗan ƙasa ya zauna a jikinki saboda shingayen jami'an tsaro, waya cike da caji, ruwa da guzurinki a hannu. Manyan kuɗi kada ki ɗauko, ki turo ta kamfanin aika kuɗi na Nita ki karɓa a nan.

Lokaci kuma, na fi son hutun makaranta na ƙarshen Disamba. Babban hutu yana faɗawa cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara, lokacin kuma da ake bi gida-gida wata-wata ana ba ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi. Uwa ba ta barin gida a irin wannan lokaci hankalinta ya kwanta. Afrilu da Mayu kuwa zafin Adar ba ya barin kowa ya huta.

Yaran, tunda autan ya yi yaye, ba abin da zai same su da yardar Allah. Mace babba guda ɗaya za ki damƙa wa amanarsu, ta kwana a gidan, ta san inda katin asibitinsu yake. Kada ki ɗora wa babbar ɗiyarki, yarinya ce, ita ma hutu take. Ki gaya musu gaskiya, za ki wajen gwaggo, ranar kaza za ki dawo. Kada ki sulale suna barci, wannan yana sa yaro ya daina yarda da fitar uwarsa ko kasuwa za ta. Kira ɗaya bayan magariba ya isa.

Saura abin da ya fi damuna, mu kanmu danginki. Na ga mata da yawa sun zo ganin gida sun koma sun fi da gajiya, don daga saukarsu sai gaisuwar rasuwar da aka yi bara, barkar haihuwa, dubiyar marar lafiya, gidan kawu, gidan inna, kowa na cewa ba a zo masa ba. Zumunci wajibi ne, ba zan ce ki yanke shi ba. Kwana biyun farko za mu zaga tare mu sauke nauyin da ya zama dole. Sauran kwanakin ɗakin ƙurya naki ne, ki yi barci har hantsi, ki sha fura, ki yi kitso da lalle, ba za ki taɓa muciya ba. Duk wanda ya yi sallama ni zan amsa, kuma ni zan ɗauki laifin.

Kada tsaraba ta cinye miki albashi. Kilishi kaɗan da sabulu sun wadatar, in za ki koma kuma cuku da albasa suna wuyana, har da kason uwar mijinki. Ki turo mini ranar da kuka tsayar da sunan kamfanin motar, yayanki zai jira ki a tasha. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Gwaggonki, daga Tawa.