Ka je, amma ka tafi da abin toshe kunne

Ƙanena, ka ce abokan karatunka a Baton Rouge sun gayyace ka New Orleans kallon wasan ƙungiyar makaɗa ta Crowbar, kana tambaya ko kiɗan sludge ɗin nan da suke yi, wani nau'in rock mai nauyi, hayaniya ce kawai. Na shekara bakwai ina zuwa irin waɗannan wasanni, kuma shawarata ita ce ka je.

Da farko ni ma a waya na saurara, na ce wannan ai injin niƙa ne. Sai da na tsaya gaban sipikun da aka jibga har sun fi ni tsayi na gane abin. Mai gita ya kaɗa tsirkiya sau ɗaya, ya bar ta tana gurnani, na ji ƙirjina yana rawa, ƙafar wandona na karkarwa, ruwan da ke kofin hannuna ya yi ta zobe-zobe. Waya ba za ta taɓa ba ka wannan ba. Sludge taɓo ke nan, sunan kuwa ya dace: tafiyar wanda ya faɗa taɓo kiɗan yake yi, ɗaga ƙafa da ƙyar. Sukan sassauta tsirkiyoyin gita don sautin ya yi ƙasa, sai can mai ganga ya ɓalle da gudu, kafin ka farga sun koma jan ciki.

Garin da za ka kuwa gidan abin ne. Makaɗan Melvins ne suka share hanya daga jihar Washington tun 1983, suka haɗa nauyin kiɗan ƙungiyar Black Sabbath da zafin punk, wato rock mai sauri, amma a New Orleans ya yi jijiya, wurin Eyehategod da suka kafu a 1988 da Crowbar na Kirk Windstein. Tunda ka ce kana son Nirvana, ka sani mawaƙinsu Kurt Cobain masoyin Melvins ne, mai gangar Melvins ɗin Dale Crover ma ya buga a faifan Nirvana na farko na 1989. Bambancin a fili yake: a wasan alternative rock, irin kiɗan su Nirvana, jama'a na karɓar amshi suna tsalle, a nan kuwa za ka ga ƙarti sun runtse ido suna gyaɗa kai a hankali.

Maganar kunne ita ta fi damuna. Ƙarar wurin kan wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarar sauti, wanda minti 15 ya isa ya fara yi wa ji illa. Zuwana na biyu na yi ganganci na tsaya jikin sipika haka nan. Kwana uku kunnena na hagu yana shiii, har yau in dare ya yi tsit nakan ji shi. Ka sayi abin toshe kunne a kantin magani, dala kaɗan ne.

Ka riƙe katin shaida, wasu wuraren ba sa barin ɗan ƙasa da shekara 21 ko da ba ya shan giya. Ni ruwa nake karɓa, ba wanda ya taɓa yi mini wani kallo. Ka yi Magariba da Isha kafin ka shiga. In aka fara turereniya a tsakiya ka koma gefe, in wani ya faɗi kusa da kai ka ɗaga shi, haka ake yi. In kuma da sauran canji a aljihu ka sayi riga a teburin baya, da ita ƙananan makaɗan da suka buɗe fage suke zuba wa motarsu mai zuwa gari na gaba.