Kwas biyu kawai kuɗina zai biya, wanne zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Yawuri ne, sana'ar su muka gada, tun ina ƙarami nake nutso a kogin Neja. Na je Legas na koyi nutso da tukunyar iska, na karɓi katin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso. Yanzu an jero mini kwasa-kwasai na musamman: na zurfi, na hoto, na kamfas, na daidaita jiki, na ceto. Burina in taimaka in jirgi ya kife. Me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya cika maka wannan buri. Duk wanda ya tuna jirgin da ya nutse a Warrah, ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, ya san muna bukatar irinka.

Fara da na daidaita jiki. Shi mutane suka fi rainawa, amma shi zai fi yi maka amfani. Ruwanmu da damina jajir yake, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. Wanda bai iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba, ƙafarsa ke tayar da laka, ɗan ganin da ya rage ya tafi, iskarsa kuma ta ƙare da wuri. A nan ne za a gyara maka nauyin dalmar da kake ɗaurawa a ƙugu.

Akwai kuma abin da ya fi damuna game da kai. Ɗan su ya saba riƙe numfashi, da haka ake burge jama'a a wasannin Kabanci na Argungu. Da tukunya a baya, wannan sabo kisa yake yi. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na bakin ruwa, don haka iskar da ka shaƙa a can za ta kumbura ninki biyu in ka taso ka riƙe ta, huhu ya yage. Ka faɗa wa malaminka tarihinka, ya sa maka ido har hannu ya faɗa.

Na biyu, kamfas. Inda ido bai aiki, allurar kamfas da ƙirgen bugun ƙafa ne za su mai da kai wurin kwalekwale. Shi ne kuma ke buɗe maka ƙofar kwas ɗin nema da tsamowa.

Na hoto ka manta da shi. Na zurfi ma ya jira: katinka ya tsaya a mita 18, katin da ke bin sa mita 30, kuma babu abin da ke kiranka can yanzu. Na ceto yana da muhimmanci ƙwarai, sai dai ana neman shaidar agajin gaggawa da ƙarin horo kafin a karɓe ka, ka fara tarin kuɗinsa.

Kafin ka biya, tambayi sau nawa za a shiga ruwa da kai, da ko hayar kaya na cikin kuɗin. Ka kuma sani katin nan ba ya ba ka izinin shiga cikin jirgin da ya nutse, ballantana kai kaɗai a ruwa mai gudu.