Adaka da harba-ka-ruga: wace ce bindigar gargajiya?

Tambayar farko ta wannan mako doguwa ce, daga wani ɗalibinmu da ke karatu a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Allah ya gafarta Malam, maƙwabcina Bature maharbi ne. Bayan Kirsimeti na gan shi ya fita cikin tsananin sanyi da wata doguwar bindiga irin ta mutanen da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ya ce a wannan lokaci doka ba ta yarda a harbi barewa da wata bindiga ba sai irinta. Ya kuma nuna mini wata sabuwa mai madubin hangen nesa, ita ma ta baki ake ɗura ta, ya ce maharbansu sun daɗe suna gardama a kanta. Malam, yaya zan kira su da Hausa? Duka biyun adaka ne?"

Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma amsarta tana cikin kalmar da ka kawo.

Adaka, a wannan ma'ana, jimla ce aka dunƙule ta zama suna: a daka. Hausa tana da wannan ɗabi'a, ta kalli yadda ake aiki da abu ta raɗa masa suna da shi, kamar a-ci-balbal da a-kori-kura da a-daidaita-sahu. (Akwai wata adakar, wato akwatin ajiyar kaya, wannan dabam take, kada a haɗa su.) To me ake dakawa? Bari in gaya maka abin da na gani da idona ina yaro. Muna da maƙwabci da muke ce wa Baba Maharbi. In zai shiga daji yakan zauna a bakin zaure, ya kafa gindin bindigar a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, bakinta na kallon sama can gefe da fuskarsa. Sai ya kwance ɗan gora, ya tsiyayo albarushi a tafin hannu, ya dube shi, ya rage kaɗan, sannan ya zurara. Ya cusa tsumma, ya zaro siririn ƙarfen da ke maƙale a ƙarƙashin bututun, ya yi ta kirɓawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har sai ƙarfen ya fara tsalle da kansa. Sannan ya zuba dalma, ya sake toshewa da tsumma, ya sake dakawa. In muka matso sai ya daka mana tsawa mu koma baya. Duk wannan hidima ta harbi ɗaya ce tak.

Daga nan sunanta na biyu ya fito, harba-ka-ruga, wasu su ce harbi-ruga. Gininsa ɗaya da faɗi-ka-mutu. In ka harbi ɓauna ba ta faɗi ba, ba ka da lokacin zama ka sake ɗuri, ƙafa ce za ta cece ka. Na ukun shi ne bindigar toka, wanda a ganina daga kamannin albarushin da dattin da yake bari a bututu aka samo shi. Ka lura, sunaye biyun farko ba su damu da ta ina ake ɗura ta ba. Wahalar ɗurin suka kalla, da kasadar da ke biyo bayan harbin.

Sunan da Turawan Amurka suka ba ta kuwa ma'anarsa kawai "wadda ake ɗurawa ta baki". Kuma ta wannan ƙofa gardamar da maƙwabcinka ya ba ka labari ta shigo.

Jihohin Amurka da yawa sun ware wa masu irin wannan bindiga kwanakinsu na farauta dabam da na sauran maharba. Dalilin a fili yake. Mai harbi ɗaya, wanda sai ya laɓaɓa ya kusanci dabba kamar taku ɗari ko ƙasa da haka, wanda raɓa ko yayyafi kan iya kashe masa albarushi, ba zai yi wa namun daji ɓarna mai yawa ba, don haka ana iya ba shi kwanaki masu kyau ba tare da garke ya ragu ba. Fensilbaniya inda kake ta fara nata lokacin a 1974, kuma har yau wanda ake buɗewa bayan Kirsimeti na bindiga mai ƙanƙara ne. Ƙanƙara a nan ba ta ruwan sama ba ce, dutsen nan ne mai ba da wuta wanda kakanninmu suke ƙyastu da shi. Ana ɗaure shi a bakin kunamar bindiga, in ta sara sai ya karci ƙarfe, tartsatsi ya faɗa wa ɗan albarushin da ke wani ƙaramin kasko a gefe, wutar ta bi ta ƙaramar kafa ta shiga ciki. Tsakanin saran da tashin bindigar akwai ɗan jinkiri, ƙasa da ƙiftawar ido, amma ya isa ya sa hannun wanda bai ƙware ba ya motsa. Kalmar kunama ma, ina ganin wannan ƙarfen mai ɗaga kai ya yi sara aka fara kira da ita, don shi ne ya yi kama da wutsiyarta, kafin a mayar da sunan kan abin da ake ja da yatsa.

Sai aka zo 1985, wani maƙerin bindiga mai suna Tony Knight ya fitar da wadda ya kira MK-85. Ita ma ta baki ake ɗura ta, amma abin kunna wutar yana daidai bayan albarushin a layi ɗaya, ba a gefe ba. Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya: aka rufe wurin kunna wutar yadda ruwa ba ya shiga, aka cure albarushi kamar ƙwayar magani yadda ba sai an auna ba, aka yi wa harsashi rigar roba don ya yi nisa ya miƙe, aka ɗora madubin hangen nesa a sama. Bindigar da a da iyakarta taku ɗari ta koma tana kayar da dabba daga ninki biyu ko uku na wannan nisa. A 2020 ma an fito da wani salo da ake kira FireStick, wanda harsashin ne kaɗai ke shiga ta baki, albarushin kuwa yana cikin kwanson roba da ake sakawa ta baya. Mai ita zai ce maka ai ta baki ake ɗura ta, sunan bai ƙaryata shi ba. Mai ƙanƙara kuma ya ce kwanakin nan ba don irinta aka ware su ba.

Kowace jiha ta yanke nata hukuncin. Kolorado ta yarda da sabuwar ƙirar, amma a kwanakin masu ɗuri ta baki ta hana madubi, ta hana rigar roba, ta hana curarren albarushi. Niyu Meziko ta cire madubin daga 2023, bayan hukumarta ta ga yawan dabbobin da ake kashewa yana hawa. Montana kuwa a 2021 ta buɗe kwana tara a watan Disamba waɗanda ba a shiga sai da tsohuwar ƙira da dalma zalla. Fensilbaniyarku ta raba gardama, ta bar wa masu sabuwar ƙira wasu kwanaki a watan Oktoba, ta riƙe na bayan Kirsimeti ga masu ƙanƙara.

Saboda haka shawarata ita ce, in kana son sunan da zai haɗa su duka, ka ce bindigar ɗuri ta baki. Ta farkon da ka gani, mai ƙanƙara, ka kira ta adaka kanka tsaye. Ta biyun kada ka kira ta adaka, domin dakan nata ya ragu ƙwarai, rugawar kuma ta ƙare, tunda mai ita yana can nesa inda dabbar ba ta san da shi ba. Ka ce bindigar ɗuri ta zamani. Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane. Ni a wannan gardama ina bayan jihohin da suka raba kwanakin, domin wanda ya ɗauki wahala aka yi wa rangwame, ba bakin bututu ba.

Ka gaya wa maƙwabcin naka cewa mu ma dokarmu ta san wannan bindiga. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware wa masu ɗuri ta baki rukuni nasu dabam da sauran bindigogi. Sunan da ake kiranta da shi a Turancin Afirka ta Yamma kuwa, wato Dane gun, yana nuni ne ga 'yan kasuwar ƙasar Denmak da suka yi cinikinta a gaɓar tekun Ghana ta yau.

Tambaya ta biyu gajeruwa ce, daga wata malamar makaranta a Damagaram: "Bindiga da albarushi da harsashi Hausa ne na asali?"

Malama, duka ukun aro ne daga Larabci, sun dai daɗe har sun zama 'yan gida. Bindiga daga bunduƙiyya take, albarushi daga al-barud, harsashi kuma daga rasas, wato dalma. Kin ga a asali harsashi sunan ƙarfen ne, ba na kwanson da muka sani yau ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne makomar kalmar 'yan bindiga. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki, kuma har gobe su ne ke barin wuta da adaka a hawan salla, hayaƙi ya turnuƙe, dawakai su yi ta zabura. Suna ne na girma a fada. Yau yaro in ya ji an ce 'yan bindiga, ɓarayin daji ne ke faɗo masa a rai.

Ta ƙarshe daga wani dattijo a Birnin Gwari, wanda ya ce shi ɗan maharba ne: "An ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Mahaifina ya tsani wannan karin magana. Malam, shi ne da gaskiya ko masu iya magana?"

Baba, dukansu suna da gaskiya, wurin da kowa ya tsaya ne dabam. Karin maganar tana nufin samun kaɗan ya fi rasa duka, 'yar uwar da babu gara ba daɗi ce. Kalmar kuskure a cikinta tana nan da tsohuwar ma'anarta, wato a harba a kuskure, kibiya ta wuce ba ta samu ba. Daga fagen harbi ne kalmar ta yaɗu har ta kai ga kuskuren lissafi da na magana. In ɗan kasuwa ya faɗe ta bayan ya ci ƙaramar riba, ko ɗalibi bayan ya haye jarrabawa da ƙyar, babu laifi.

Amma mahaifinka ba ɗan kasuwa ba ne, shi ya san abin da harbi a wutsiya yake nufi a daji. Dabbar da aka kuskure ta tsira lafiya. Wadda aka samu a cinya ko a ciki za ta gudu da rauni, ta je ta kwanta a wani kurmi ta mutu a hankali, ba a yanka ta ba, ba wanda ya ci. In ɓauna ce ko gursunu, ta zama bala'i ga mai itace ko makiyayin da ya fara cin karo da ita. Ga maharbi na ƙwarai kuskure ya fi wannan harbi sau dubu.

Kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu sabuwar bindiga a Amurka suke kawowa, bai kamata in ɓoye ta ba ko da na goyi bayan ɗaya ɓangaren. Sun ce madubi yana sa harsashi ya sauka inda aka nufa, dabba ta faɗi nan take, musamman ga dattijon da idonsa ya fara rauni. Masu ƙanƙara suka amsa cewa madubin ne ke ruɗin mutum ya yi harbi daga nisan da bai kamata ba, kuma maganin rauni shi ne ka ƙara matsowa, in ba ka samu dama ba ka sauke bindigarka. Wannan amsar ta biyu na taɓa ganin an yi aiki da ita. Wata rana Baba Maharbi ya dawo da la'asar sakaliya, ƙafafunsa duk ƙaya, bindigarsa tana nan da ɗurinta na safe. Mahaifina ya tambaye shi ko daji ya yi shiru ne. Ya ce a'a, ya ga gwanki har sau biyu, iska ce ta ƙi ba shi dama ya matsa. Ya zagaya bayan gari ya ɓarar da ɗurin a jikin wani kututture, ya dawo ya zauna yana wanke bututun da ruwan zafi.