Motata Tana Yin Zafi Idan Ta Tsaya, Amma Ba Ta Yi a Kan Hanya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar mota wadda ba ta taɓa ba ni matsala a doguwar tafiya ba, amma tun da zafi ya shigo, da zarar na tsaya a cunkoso na kamar minti 10, sai allurar zafi ta fara hawa har ta kusa jan layi, musamman idan esi yana kunne. Da na kama hanya kuma sai ta sauko. Wani makanike ya ce a cire tamostat. Shin in yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bayanin da ka yi ya riga ya nuna inda ciwon yake. Lokacin da mota take gudu, iskar hanya ce take ratsa lagireto tana kwashe zafin ruwan da ke cikinsa, amma idan ta tsaya babu mai yin wannan aiki sai fanka, ga shi kuma famfon ruwa yana juyawa a hankali saboda injin ya sassauta. Esi yana ƙara nauyin, domin ragar da take fitar da zafinsa a gaban lagireto take, don haka iskar da za ta isa lagireton ta riga ta ɗumama.

Saboda haka fanka za ka fara dubawa. Ka tayar da motar a tsaye, ka buɗe bonet, ka kunna esi. A yawancin motoci masu fankar lantarki, nan take za ta tashi, kuma ko babu esi ya kamata ta tashi da kanta idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 100. Idan ba ta motsa ba, a duba fis, da rile (makunnin da yake tura wa fanka wuta), da na'urar da take auna zafin ruwa, kafin a yanke hukunci cewa fankar ce ta ƙone. Akwai kuma wadda take juyawa amma ƙarfinta ya ragu, kuma ita ce ta fi yaudarar mutane, domin ido yana ganin tana aiki alhali iskar da take ja ba ta isa ba. Ka nisanta hannunka da ita, saboda tana iya tashi ko da an kashe injin.

Idan fanka lafiya take, a wanke ƙura da ƙwarin da suka toshe ragar lagireto, a duba yawan ruwa da safe lokacin da injin yake da sanyi, sannan a gwada murfin lagireton. Murfin nan yana riƙe matsi na kimanin bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), kuma matsin ne yake hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan robarsa ta mutu, ruwan zai riƙa tafasa da wuri.

Game da tamostat, wato ɗan bawul ɗin da yake buɗe wa ruwan injin hanya zuwa lagireto idan ya ɗumama, ban goyi bayan a cire shi ba. Aikinsa shi ne ya riƙe injin a daidai zafin da aka ƙera shi a kai, wato wajen digiri 90, kuma da a rufe ya maƙale, da motar ta fi yin zafi a kan hanya, ba a tsaye ba. Cire shi ba zai tayar da matacciyar fanka ba, sai dai injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ya kuma yi saurin lalacewa. Idan tamostat ɗin ya lalace, a sa sabo.

Kafin a gyara, duk lokacin da allura ta hau, ka kashe esi, ka kunna hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, har ƙarshe duk da wahalar da ke ciki, domin tana janye wani kaso na zafin injin. Idan ta kai jan layi, ka sauka gefen hanya ka kashe motar, kuma ina roƙonka kada ka buɗe murfin lagireto sai injin ya huce sosai, domin tafasasshen ruwan yana iya fesowa a fuska. Idan kuwa ka fara ganin farin hayaƙi mai yawa daga salansa, ko baƙin mai ya koma kamar an zuba masa madara, ko ruwa yana raguwa ba tare da yoyo ba, to mai yiwuwa gaskit, wato shimfiɗar da take tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone, kuma bai kamata a sake tayar da motar ba sai makanike ya gwada ta.