Ko ChatGPT zai iya koya wa yarana Turanci?

Malam, ka ce kana koyarwa a firamare a wani ƙauye kusa da Ringim, littattafai sun yi ƙaranci, kana tambaya ko ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi da yin rubutu in an sa ta, za ta cike giɓin.

Za ta taimaka maka kai, ba yaran kai tsaye ba. Ni ina sa ta rubuta mini gajeren labari da Turanci mai sauƙi kan ranar kasuwa ko girbin gero, da tambayoyi biyar, in kwafe a allo. In na samu sabis da caji, na kan tara na mako guda.

Amma tun fitowarta a Nuwamban 2022, ƙarfinta a Turanci yake, domin rubutun intanet da aka horar da ita da shi galibi Turanci ne. Hausarta kan yi tuntuɓe. Ta taɓa fassara mini "wuya" ta wahala da wuyan jiki, kuma ta kan ƙirƙiro karin magana babu kunya, ta faɗa da gadara. Kada ka kai wa yara abin da ba ka duba ba.

Furuci kuwa sai kunnenka. Batun jarrabawa, ka bi tsarin karatu na makaranta, ka tuntuɓi shugaban makarantarku.