Me ya sa shugabannin addini suka tsani tsawatarwar Yesu?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda gyara ya koma gaba tsakaninsu da Yesu. A ganina, babban dalili shi ne a bainar jama'a ya tona musu asiri. A Matiyu 23 ya kira malaman Attaura da Farisiyawa (wata ƙungiyar addini ta Yahudawa) munafukai: suna fitar da zakkar na'ana'a, sun watsar da adalci da jinƙai. Da ya kori 'yan kasuwa daga Haikali, manyan firistoci suka nemi hallaka shi, don jama'a na mamakin koyarwarsa, in ji Markus 11:18. Ga kuma fargabar da suke yi, a Yohanna 11:48, cewa idan kowa ya gaskata da shi, Romawa masu mulkinsu za su zo su hallaka al'ummarsu.

Amma don Allah kada ka yi wa Yahudawa kuɗin goro. Yesu kansa Bayahude ne, Nikodimu kuwa, wanda ya taimaka wajen binne shi, Bafarisiye ne. Bambancin Farisiyawa da Sadukiyawa (wata ƙungiyar addini ta Yahudawa daban) kuma, zauna da fastonka ya warware maka.