Lilo da rumfar abinci a filin sallah: ta ina za a fara?

Malam, ka ce kana son kafa lilon yara da rumfar tsire a Garwa ta Kamaru lokacin sallah, kana tambayar takardu. Fara da ofishin magajin gari, su ke ba da izinin fili. In taron naka ne, sanar da superefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, tun da wuri, dokar taron jama'a ta 1990 ta wajabta hakan.

Masu dafa abinci su yi gwajin lafiya a asibiti, domin jami'an tsafta kan nemi takardar. A rufe nama saboda ƙura da ƙuda, a nisanta gas da janareto daga wurin yara.

Lilon nan ne abin tsoro. Mutane kan yi masa fenti su manta da walda. Kira ƙwararren mai walda da mai wutar lantarki su duba shi kullum kafin yaro ya hau, ka kuma tambayi kamfanin inshora.